Darasi na Tara: Gadi, Tsaro da Kariya

Ɗalibai, idan kun taɓa jin an kira "maigadi" a ƙofar wani gida a Legas ko Fatakwal, to kun riga kun san kalmar da za mu fara da ita a yau. Kalmar "gadi" ba ta Hausa ba ce tun asali. An aro ta ne daga kalmar Ingilishi "guard".

Yadda kalmar ta shigo

Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a shekarar 1903. Daga nan Hausa ta ari kalmomi da yawa ta bakin sojoji da ma'aikata, kamar soja da bariki da ofis. Yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, saboda haka Bahaushe ya ƙara "i" a ƙarshen kalmar, ta koma "gadi". Haka aka samu "yadi" da "kati".

A Ingilishi kalmar tana da faɗi: tana nufin mutum, tana nufin aiki, har da abin da ɗan ƙwallo yake ɗaurawa a ƙwauri. A Hausa kuwa ma'anarta ta taƙaita ga jiran gida ko kasuwa ko ma'aikata, galibi don a biya mutum. Sai a ce, "Yana gadin makaranta." Jam'in maigadi shi ne masu gadi. Sauran ma'anonin, Hausa tana da nata kalmomin.

Kare

Wannan aikatau ne, kuma yakan zo tare da "daga". Sunan da ya fito daga gare shi shi ne "kariya".

Laima tana kare mutum daga ruwan sama.
Lauya ya kare ta a kotu.

Ku lura da lafazi. A "kare" na kariya ana jan wasalin farko. A "kare" dabba mai haushi ba a jansa. "Ƙare" mai ƙugiya kuma yana nufin gamawa.

Tsare

Daga gare shi aka samu "tsaro", kamar a "jami'an tsaro" da "ministan tsaro". Sai dai kalmar kaifi biyu gare ta. "Allah ya tsare ka" addu'a ce, amma "an tsare shi" yana nufin yana hannun hukuma. A filin ƙwallo, "mai tsaron gida" shi ne wanda yake tsayawa a raga.

Kiyaye

Ana kiyaye doka, ana kiyaye lafiya. Matafiyi akan ce masa, "Allah ya kiyaye hanya." Da wannan kalmar ake kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988.

Garkuwa

Garkuwa ita ce abin da mayaƙan dā suke riƙewa don tare kibiya da mashi. Idan aka ce, "Ilimi garkuwa ne," yabo aka yi wa ilimi. Amma idan kuka ji a rediyo "an yi garkuwa da mutane," sace su aka yi.

Abin kiyayewa

Kuskuren da mai koyo ya fi yi shi ne sa "gadi" a ko'ina. Wanda ya ce wa dattijo mai shirin tafiya, "Baba, Allah ya yi gadinka," ya yi nufin alheri, amma ya jingina wa Ubangiji aikin ɗan haya, kuma maganar ba za ta yi wa mai ji daɗi ba. Abin da ya dace shi ne, "Baba, Allah ya tsare." Hausawa sun ce tsaron kaya ya fi ban cigiya; haka ma tsaron harshe ya fi ban haƙuri.

Aiki

A. Cike gurbi da kalmar da ta dace: gadi, kare, tsare, kiyaye.
1. Gidan sauro yana ______ yara daga zazzaɓin cizon sauro.
2. 'Yan sanda sun ______ ɓarawon kwana biyu.
3. Kawu yana ______ a banki da dare.
4. Wajibi ne direba ya ______ dokokin hanya.

B. Yi bayanin wannan karin magana da jimloli uku: "Rigakafi ya fi magani."