GIDAN MUTUWA: MUN JE RAGE MUSU NAUYI NE KO ƘARA MUSU?



Godiya ta tabbata ga Allah Mai rayawa, Mai kashewa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan uwa, darasinmu na yau a kan ta'aziyya ne, wato gaisuwar mutuwa. Babu wani a cikinmu da bai taɓa cire takalmi ya zauna a tabarmar makoki ba, kuma da wuya a samu gidan da ba a taɓa zuwa yi masa gaisuwa ba. Saboda sabo da ita ne ma muka daina tambayar kanmu me ya sa aka shar'anta ta. Kalmar ta'aziyya a Larabci tana nufin ka sa wanda musiba ta samu ya yi haƙuri, ka ƙarfafa masa zuciya. To ka ga ma'aunin a fili yake: lokacin da ka miƙe ka ce "Allah Ya ƙara haƙuri" ka sa takalminka, nauyin da ke kan mutanen gidan nan ya ragu ne ko ya ƙaru?

ABIN DA YA FARU A GIDAN JA'AFAR

A watan Jimada Ula na shekara ta 8 bayan hijira aka yi yaƙin Mu'uta, a yankin ƙasar Jodan ta yau. Kwamandoji uku suka yi shahada ɗaya bayan ɗaya: Zaidu ɗan Harisa, Ja'afar ɗan Abi Ɗalib, da Abdullahi ɗan Rawaha, Allah Ya ƙara musu yarda. Ja'afar bai daɗe da dawowa daga hijirar Habasha ba, don sai a shekara ta 7, lokacin Khaibar, ya iso. Ya bar matarsa Asma'u 'yar Umais da yara ƙanana.

Da labari ya zo Madina, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a dafa wa iyalan Ja'afar abinci, ya kuma faɗi dalili: abin da ya same su ya shagaltar da su. Abu Dawuda da Tirmizi da Ibnu Majah duk sun ruwaito wannan. Bayan kwana 3 ya je gidan, ya hana a ci gaba da kuka, ya sa aka kawo masa 'ya'yan Ja'afar, ya kira wanzami ya yi musu aski. Ku lura da wannan askin. Yaran da aka yi kwanaki babu mai nutsuwar duba kansu, shi ya tuna da su.

Haka ma Uwar Muminai A'isha (RA), kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim. Idan aka yi rasuwa a danginta, mata suka taru suka watse, ya rage 'yan gida, sai ta sa a dama talbina. Talbina wani kunu ne na garin sha'ir, akan sa masa madara ko zuma. Ta ce ta ji Annabi (SAW) yana bayanin cewa tana kwantar da zuciyar mara lafiya, tana rage wani abu na baƙin ciki. Kunun nan na waɗanda aka yi wa rashi ne, bayan baƙi sun tafi.

Malamanmu na Malikiyya a kan haka suke. A Mukhtasar na Shaikh Khalil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, an jero shirya wa iyalan mamaci abinci tare da ta'aziyya a cikin mustahabbai. Shi kuma sahabi Jarir ɗan Abdullahi (RA) ya ba da labarin cewa a zamaninsu suna lissafa taruwa a gidan mamaci da dafa abinci bayan binnewa a cikin kukan mutuwa irin wanda aka hana. Ahmad da Ibnu Majah sun kawo maganarsa.

A taƙaice, a Sunna abinci shiga gidan mutuwa yake yi daga maƙwabta da dangi.

MU KUMA YAYA MUKE YI?

Alhamdulillahi, har yanzu akwai unguwanni da ƙauyukan da wannan Sunna take da rai. Kafin a dawo daga maƙabarta ka ga kwanukan tuwo da kunu suna shigowa ta kowace kusurwa, maƙwabta sun hana a hura wuta a gidan. Allah Ya saka musu da alheri. Wannan al'adar iyayenmu ce, kuma ta dace da addini.

Amma a wurare da yawa, musamman a birane, abin ya juye. A matsayina na liman nakan sallaci gawa, nakan zauna a makoki, idona yana gani. Babban ɗan mamaci bai gama kakkaɓe ƙasar kabari daga rigarsa ba, an fara ja shi gefe: kuɗin hayar rumfa, kuɗin kujeru, buhunan ruwan leda, katan ɗin lemo, buhun shinkafa, mai, gawayi. A cikin gida, 'ya'ya mata da idonsu ya kumbura su ne a bakin murhu daga safe har dare. Wasu 'yan gaisuwar kuwa sun san lokacin sauke tukunya, daidai nan suke isowa. Wani ma har ya fita yana cewa, "Gidan wane ko ruwa ba a ba mu ba." Subhanallah! Gaisuwa ka je ko walima?

Ban ce kowane abinci a gidan mutuwa haramun ba ne. Dangi sukan taso daga nesa, wani daga Maradi, wani daga Legas, dole su kwana, dole su ci. Ibnu Ƙudama a cikin Al-Mugni ya yi sauƙi a kan irin wannan lalurar. Amma ko a nan, maƙwabta da dangin da ke gari su ya kamata su ɗauke wa 'yan gida saukar baƙin.

KUƊIN WA AKE KASHEWA?

Nan ne abin ya fi ba ni tsoro. Daga lokacin da rai ya fita, dukiyar mamaci ta tashi daga hannunsa, kuma shari'a ta jera yadda za a bi da ita. Da farko a yi masa sutura, wato likkafani da abin da ya shafi binnewa, ba tare da ɓarna ba. Sai a biya bashinsa. Sai a zartar da wasiyyarsa, matuƙar ba ta wuce kashi 1 cikin 3 ba. Abin da ya rage na magada ne. Duba jerin nan da kyau, babu rumfa, babu lemo a ciki.

Bari in kawo misali da lissafi. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiyarsa, da 'ya'ya ƙanana, maza biyu mace ɗaya. Matar tana da 1 cikin 8, mahaifiya tana da 1 cikin 6. Idan aka raba dukiyar gida 24, matar ta ɗauki 3, mahaifiya ta ɗauki 4, sauran 17 na yaran ne. To a ce an ciri naira 240,000 daga asusunsa an yi hidimar makoki da ita. Naira 170,000 daga ciki kuɗin marayu ne. Yaron da bai balaga ba ba shi da ikon yafewa, baffansa ma ba shi da ikon yafewa a madadinsa. Ku koma ku karanta aya ta 10 a Suratun Nisa'i ku ga abin da Allah Ya ce masu cin dukiyar marayu da zalunci suke zubawa a cikinsu. Wallahi loma ɗaya ba ta kai wannan kasadar ba.

Sannan ga bashi. Sau nawa ake yanka sa ranar sadakar bakwai alhali mai shago a bakin layi yana bin mamacin kuɗi? An taɓa kawo wa Annabi (SAW) gawa, da ya ji akwai bashi a kanta sai ya ja da baya, ya ce sahabbai su sallace ta, har sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin biya. Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har a biya masa. Wanda yake ƙaunar mamaci da gaske, ya fara tambayar wa ke binsa.

Wani zai ce, "Malam, ai sadaka muke masa." Sadaka tana isa ga mamaci, babu shakka. Sa'adu ɗan Ubada (RA) ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ta fi bayan rasuwar mahaifiyarsa, aka nuna masa shayar da ruwa, sai ya haƙa rijiya. Amma da dukiyarsa ya yi. Kai ma idan an raba gado ka karɓi rabonka, ko ka ciro daga guminka, yi masa sadaka yadda ka so, ka kai wa mabuƙata na gaskiya. Zancen ware ranar uku da bakwai da arba'in kuwa, malamai sun yi magana mai tsawo a kai, kuma ba a ruwaito ware waɗannan ranakun daga Annabi (SAW) ko sahabbansa ba. Ko wanda yake ganin babu laifi a yi, ba zai halatta maka yi da haƙƙin maraya ba.

HARSHE MA NAUYI NE

Ba da ciki kaɗai ake nauyaya wa mutane ba. Gaisuwarmu ta Hausa gajera ce kuma ta wadatar: "Ya haƙuri? Ashe wane lokaci ya yi. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya ba ku haƙurin rashi." A yi addu'a, a ɗan zauna, a ba wasu wuri. Shari'a ba ta ƙayyade lafazi ɗaya tilo ba, duk kalma mai kyau da ke sanyaya zuciya ta yi.

Abin da ba ya cikin ta'aziyya shi ne bincike. "Me ya same shi? Wane asibiti kuka kai shi? Ai da kun kai shi wuri kaza da bai mutu ba." Haba ɗan uwa! Mutumin da yake fama da zuciyarsa, ka zo ka dasa masa "da na sani"? Haka mayar da tabarmar makoki majalisar siyasa da ƙwallo, ana shewa ana tafawa, ɗan mamaci yana zaune a tsakiya. Haka hana mutum hawaye da tsawa. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya bayyana cewa rahama ce. Abin da aka hana shi ne kururuwa, marin fuska, yaga tufafi, da maganar da ke nuna fushi da hukuncin Allah.

Mu da muke nan a Facebook da WhatsApp kuma muna da namu laifin na daban. Ana rige-rigen sanar da mutuwa kamar ana ba da kyauta ga wanda ya fara. Uwa tana wani gari, ko ɗa yana makaranta, sai a waya zai ci karo da hoton mahaifinsa. Wasu har hoton gawa suke ɗorawa, a gadon asibiti ko a cikin likkafani. Ka ji tsoron Allah, mamaci yana da alfarma kamar mai rai. Ka jira iyalai su sanar, ka faɗi wuri da lokacin jana'iza daidai don jama'a su samu halarta. Idan kuma mamacin na kusa da kai ne, rubuta "Allah Ya jiƙansa" a ƙasan hoto ba ya ɗauke maka zuwa da ƙafa ko kiran waya.

BAYAN AN NAƊE TABARMA

Zaman makoki ga kowa bai wuce kwana 3 ba, ban da matar mamaci. Ummu Habiba (RA), da mahaifinta Abu Sufyan ya rasu, bayan kwana 3 ta sa aka kawo turare ta shafa, ta ce ba don tana buƙatarsa ba, sai don bin wannan hukunci. Ita kuwa matar mamaci takabarta wata 4 da kwana 10 ce, kamar yadda ya zo a aya ta 234 a Suratul Baƙara, mai juna biyu kuma sai ta haihu.

Ku yi tunani a kan wannan. Mu kwana 3 muke yi mu watse, ita kuma tana da wajen kwana 130 a gaba. Ran da mai rumfa ya zo ya kwashe kayansa, ran nan gidan yake yin tsit, ran nan ne yara suke fara tambayar ina Baba. Kuɗin makaranta yana nan tafe, mai gidan haya zai turo, buhun masara ya kusa ƙarewa. A daidai wannan lokacin ake neman 'yan gaisuwa a rasa.

Sannan a daina ɗora wa mai takaba abin da Allah bai ɗora mata ba. Abin da ke kanta shi ne ta zauna a gidan da mijinta ya bar ta, ta bar ado da turare da kwalli, kuma ba a ɗaura mata aure. Tana wanka duk lokacin da ta so, tana magana da mutane, tana amsa waya, tana fita da rana idan buƙata ta kama, kamar asibiti ko neman abin da za ta ci idan babu mai nemo mata.

ABIN DA NAKE ROƘON MU ƊAUKA

Na ɗaya, idan aka yi rasuwa a layinku, maƙwabta ku raba kwanakin nan uku a tsakaninku, wannan gida safe, wancan rana, wancan dare. Kwamitin masallaci zai iya tsara wannan cikin minti goma bayan sallar Isha'i.

Na biyu, ka ci abincinka a gida kafin ka tafi gaisuwa, ka taƙaita zama. Idan kana da hali ka riƙa wani abu a hannu, ko mudun gero ne.

Na uku, manyan dangi ku tsaya a kan dukiyar mamaci tun ranar farko. Kada a taɓa ko sisi sai na sutura, har a tantance bashi da wasiyya da magada.

Na huɗu, ka sa wa kanka rana bayan wata ɗaya ka koma gidan, kai da iyalinka. Ka tambayi yara karatu, ka duba kansu ko suna buƙatar aski, ka ji me ya ƙare a gidan.

Yau mu ne masu zuwa gaisuwa, gobe 'ya'yanmu ne za su zauna a tabarmar. Yadda kake so a riƙe naka, haka za ka riƙe na wani.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya haskaka makwancinsu, Ya raya marayun da suka bari, Ya ba masu takaba haƙuri da mafita. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Wanda ya karanta ya isar wa wanda bai gani ba.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.