Yaron da Ya Ga Tashin Hankali

Mutanen Salaga ba su manta da yaƙin 1994 ba, na Yendi ma suna tune da 2002. A Bawku kuwa, yara da yawa sun taso da ƙarar bindiga a kunne. In ɗanku ya ga irin wannan, ku lura da shi. Yana firgita cikin barci? Ya koma fitsarin kwance? Yakan zabura in an buga ƙofa? In abin ya wuce wata guda, ku kai shi asibiti.

Mun saba ce wa yaro, "Yi shiru, ya wuce." Bakinsa ne kawai ke yin shiru.

Akwai magani na zama da hira, ba allura, ba ƙwaya. Ma'aikacin da aka horar zai riƙa zama da yaron mako-mako, kamar wata uku ko huɗu. Da fari zai koya masa jan numfashi a hankali in gabansa ya faɗi. Daga baya yaron ya ba da labarin kaɗan-kaɗan, da baki ko da zane. A nan ne tunanin da ke cinsa yake fitowa. Wani yakan ce, "Da ban fita ɗiban ruwa ba, da Baba bai biyo ni ba." Sai su bi maganar tare: wa ya riƙe bindigar? Shi ne? A hankali ya gane ba laifinsa ba ne.

Ku ma iyaye za a zauna da ku. A gida kada ku matsa masa da tambaya. Ku ci gaba da addu'a, kuma kada ku fasa kai shi ranar zama ko da kun ga sauƙi.