Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ciwon farfaɗiya



Ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyin saƙo an gina su ne da ƙwayoyi iri biyu.

Na farko su ne niyuron, kusan biliyan 86 a ƙwaƙwalwa kaɗai. Kowace tana da rassa masu karɓar saƙo da doguwar jela mai aika shi ta hanyar ɗan lantarki. Idan ka taka ƙaya, su ke kai labari laka, su dawo da umarnin ɗage ƙafa.

Na biyu su ne giliya, masu yi wa niyuron hidima. Wasu suna ciyar da su, wasu suna share datti, wasu suna naɗe jelar da wani kitse mai suna mayalin, kamar robar jikin wayar wuta. Shi ya sa saƙo kan yi gudun har mita 120 a daƙiƙa ɗaya.

Na kawo wannan ne saboda farfaɗiya, don sau da yawa ana kawo mana yara a ce iska ce. Abin da ke faruwa shi ne, tarin niyuron ne ke sakin lantarki lokaci guda ba tsari. Ba a ɗaukarta ta miyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa idan suka samu magani.

Idan ta tashi, a kwantar da mutum ta gefensa, kar a cusa masa cokali a baki. In ta wuce minti 5, a garzaya asibiti.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.