Makiyayi Ma Yakan Gaji

Karatu: Fitowa 18:13-26, 1 Sarakuna 19:1-8
Ayar haddacewa: Markus 6:31

A zamanin dā, in dare ya yi, Sarkin Ƙofa yakan rufe ƙofar ganuwar Kano, gari ya huta. Yau in ka je Ƙofar Nassarawa, gadar sama za ka tarar, motoci suna ta kai da kawowa har tsakar dare. Haka ƙofar fastoci da yawa ta zama, ba ta rufuwa.

Dubi makon fastonka: sujadar Lahadi, nazarin Littafi Mai Tsarki, addu'ar dare, jana'iza, sasanta ma'aurata. Daga Sabon Gari ya ruga Asibitin Murtala duba mara lafiya, wayarsa kuma ba ta yin shiru. Ga kuɗin haya da na makarantar 'ya'yansa suna jiransa. Jiki magayi. Sai ka ga rashin barci, saurin fushi, hawan jini, har wa'azin da yake ƙauna ya zame masa kaya. Sau da yawa yakan ɓoye, don kada a ce shafewarsa ta ragu.

Ƙaunatattu, gajiya ba rashin bangaskiya ba ce. Iliya ya fuskanci annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel, wuta ta sauko daga sama. Duk da haka, da Yezebel ta yi masa barazana, ya tsere jeji, ya roƙi mutuwa. Ubangiji bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya ciyar da shi har sau biyu.

Musa kuwa yana shari'a tun safe har yamma, sai surukinsa Yetro ya gargaɗe shi cewa zai gajiyar da kansa da jama'ar duka. Ya ba shi shawara ya naɗa shugabanni a kan dubu, ɗari, hamsin da goma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin yi: Ku bar wa fasto rana ɗaya a mako, ba kira sai da gaggawa. Dattawa, zumuntar mata da matasa su raba ziyarar marasa lafiya. A biya shi haƙƙinsa a kan lokaci. In jikinsa ya nuna alama, a yi masa addu'a, a kuma kai shi wurin likita.

Tambaya: Wane kaya zan sauke wa fastona a wannan mako?

Addu'a: Ya Uba, ka sabunta ƙarfin bayinka, ka koya mana ɗaukar kaya tare da su, cikin sunan Yesu. Amin.