Maganaɗisu da Haihuwar Taurari

Allurar kamfas a ajin kimiyya a Hayin Banki tana nuna arewa ne saboda maganaɗisun ƙasa. Irin wannan ƙarfi ya daɗe a sararin samaniya. A shekarar 2023, na'urorin hangen nesa na ALMA da ke Chile sun gano shi a gungun taurari mai suna 9io9, wanda haskensa ya yi tafiyar shekara fiye da biliyan 11 kafin ya iso mu.

Tauraro yana samuwa ne idan nauyi ya dunƙule gajimaren haidirojin. Maganaɗisu kuwa yakan tokare wannan dunƙulewa, ya rage wa gajimaren saurin juyi, ya hana shi daddatsewa. Shi ya sa wasu lissafe-lissafen kwamfuta suka nuna cewa inda ya yi ƙarfi, taurarin farko sun fito kaɗan, amma manya-manya.