Kafireta Mai Yoyo da Gobarar Zaure

Kowace shekara, da zarar hunturu ya kama, 'yan kwana-kwana sukan shiga gidajen rediyo suna jan kunnen jama'a kan gobara. Ana ambaton kaskon wuta da hita da risho, amma ba a cika ambaton tsohon babur mai zubar da mai ba, alhali a zaure yake kwana tare da mu.

Muna nufin irin su Honda CG125, wanda aka fara ƙerawa a 1975, da Suzuki A100, da Basfa, waɗanda har gobe suna kai dattawa kasuwa da gona. Kafireta ce ke gauraya musu iska da fetur, kimanin awo 15 na iska ga awo 1 na fetur idan an bi nauyi. A cikinta akwai ɗan kofi da mai ke taruwa, da filoti mai tasowa a saman man, da wata 'yar allura da ke toshe hanya idan kofin ya cika.

Allurar nan tamkar Sarkin Ƙofa take a zamanin da ake rufe ƙofofin Kano. Da rana yana barin ayari ya shiga gwargwadon abin da hanya za ta ɗauka, in cunkoso ya yi yawa ya dakatar da na baya, in dare ya yi ya tura ƙyaure ya sa sakata, gari ya yi barci da minshari. To, a ce tsakuwa guda ta maƙale a gindin ƙyauren ya ƙi haɗuwa, shi kuwa Sarkin Ƙofa tsufa ya cim masa bai lura ba. Kafin asuba, duk wanda ya ga dama ya shige. Haka tsatsar tanki, ko ƙwayar yashi daga jarkar 'yan bumburutu, ke yi wa allurar. Mai ya yi ta gangarowa, kofi ya tumbatsa, ya bi ɗan tiyon ƙasa yana ɗiga har gari ya waye.

Ku saurara da kyau. Tururin fetur ya fi iska nauyi. Kwanciya yake yi a ƙasa, ya bi daɓe, ya shige ta ƙarƙashin ƙofa har inda uwargida ta ajiye garwashi domin yara su ji ɗumi, ko inda aka kunna maganin sauro. Tartsatsi ɗaya ya isa. In kuma wuta ta kama, watsa ruwa yaɗa ta yake yi, domin fetur a saman ruwa yake tafiya. Yashi ake zubawa.

Abin takaici, maigida ya sani. Ya ji warin da safe, ya ga tabon a siminti, sai ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa kofin, yoyon ya tsaya, ya ce, "Ai dama haka yake yi." Wannan sakaci ne tsagwaronsa, kada wani ya laƙaba masa sunan tawakkali. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da a kashe wuta kafin a kwanta. Ina ga wanda ya turo makamashinta da hannunsa ya jingine kusa da ɗakin 'ya'yansa? Iyali amana ce, kuma za a tambaye ka.

Maganin ba tsada. Duk lokacin da ka ajiye babur, rufe famfon mai. Kai shi wajen bakanike ya kwance kofin ya wanke. In bakin allurar ya ci, a canza ta. A girgiza filoti kusa da kunne. In an ji mai a ciki, ya huje, a sa sabo. A ɗaura 'yar matata a tiyon da ya taso daga tanki. Kada a sha taba a wajen aikin.

Sauran matsalolin, fulogi zai gaya maka. In bakinsa ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, mai ya yi yawa: duba cok, wanke matatar iska, ƙurar hunturu ba ta bar ta ba. In ya yi fari fat, inji na zafi, salansa na harbi idan ka saki totur, mai ya yi kaɗan: ko jet, wato 'yar kafar da mai ke bi daga kofi, ya toshe, ko robar wuyan kafireta ta tsage tana zuƙar iska. Ƙarancin man nan na iya kama fistin. Launin ƙasa-ƙasa shi ne daidai. Kada a soka wa jet waya, hura shi ake yi. Sukurun iska kuwa sai inji ya ɗumama ake taɓa shi, kaɗan-kaɗan. Kuma kada a tayar da babur a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa na kisa.

Muna roƙon masu unguwanni da limamai su isar da wannan saƙo a masallatai da majalisu. Kai kuma mai babur, in ka ga yana ɗiga, a waje zai kwana har sai an gyara.