Hani da Jagora: Matsayin Ikilisiyar Katolika Game da Karatun Littattafai

1.0 Gabatarwa

Duk al'ummar da ta san darajar rubutu takan fuskanci tambaya guda, wato wane littafi ya dace a miƙa wa matashi, wane kuma ya kamata a kawar daga gabansa. Ikilisiyar Katolika ta yi ƙarnuka tana fama da wannan tambaya, ta kuwa gwada hanyoyi biyu wajen amsa ta: hanyar hani da hanyar jagora. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun hanyoyin nan, tare da nuna wasu littattafai da manazarcin adabi zai amfana da su.

2.0 Hanyar Hani

Kafin a ƙirƙiro injin ɗab'i a Jamus wajen 1450, da hannu ake kwafar littafi, saboda haka ba ya saurin yaɗuwa. Da injin ya bazu, kuma Martin Luther ya tayar da jayayyarsa a 1517, sai shugabannin ikilisiya suka ga rubuce-rubucen masu adawa da su na shiga gidaje ba shamaki. A 1559 Paparoma Bulus na Huɗu ya fitar da jerin haramtattun littattafai, wanda aka fi sani da Index, a 1571 kuma aka kafa hukuma ta musamman don kula da shi.

Jerin ya haɗiye manyan ayyuka. Littafin Galileo mai goyon bayan cewa duniya ce ke kewaya rana ya shiga bayan shari'ar da aka yi masa a 1633, bai fita ba sai a bugun 1835. Haka nan Les Misérables na Victor Hugo ya zauna a ciki daga 1864 zuwa 1959. Bugun ƙarshe, na 1948, yana ɗauke da sunayen littattafai kimanin 4,000. A 1966, zamanin Paparoma Bulus na Shida, aka janye ƙarfin doka daga jerin. Dalilan a fili suke: littattafai sun fi ƙarfin masu tacewa, hanin kansa yakan ƙara wa jama'a ƙwaɗayin abin da aka hana, ga kuma kunyar da kuskure irin na Galileo ya jawo. Abin da ya saura shi ne izinin bishop da akan gani a farkon littattafan addu'a da na koyar da addini, wato kalmar Latin imprimatur, ma'ana "a buga".

3.0 Hanyar Jagora

Wannan hanya ta girmi waccan nesa ba kusa ba. A ƙarni na 4 Waliyyi Basil na Kaisariya ya rubuta wa matasa nasiha kan adabin Girkawa, wanda ba na Kirista ba ne. Bai hana su ba, sai ya umurce su da su yi koyi da ƙudan zuma, wanda ke tsotsar abin amfani daga fure ya bar saura. A ƙarni na 6 ƙa'idar Waliyyi Benedict ta wajabta wa kowane ɗan zuhudu karɓar littafi guda a lokacin azumin kwana arba'in, ya karance shi bi da bi har ƙarshe. A ƙarni na 12 kuwa wani ɗan zuhudu mai suna Guigo ya tsara karatu hawa huɗu: karantawa, bimbini, addu'a, da natsuwa a gaban Ubangiji. Abin lura a nan shi ne an fi damuwa da yadda ake karatu bisa yawan abin da aka karanta.

Littattafai uku ne aka fi ba sabon mai karatu. Na farko shi ne Confessions na Waliyyi Agustin, ɗan Afirka ta Arewa da aka haifa a 354 a garin da ke cikin Aljeriya ta yau. Ya rubuta shi tsakanin 397 da 400, yana magana da Allah kai tsaye game da rayuwarsa. A ciki ya tsaya tsai kan 'ya'yan itacen da ya sata yana ɗan shekara 16, ba don yunwa ba, tunda aladu aka watsa wa yawancinsu. Daga nan ya shiga binciken dalilin da ke sa mutum son laifi don laifin kawai. Mai nazarin tarihin rayuwa a matsayin reshen adabi ba zai tsallake shi ba. Na biyu shi ne Koyi da Almasihu, na farkon ƙarni na 15, wanda ake dangantawa da Thomas à Kempis. Gajerun surori ne kan tawali'u da gudun duniya. Na uku shi ne Gabatarwa ga Rayuwar Ibada na Francis de Sales, 1609, wanda aka rubuta don ma'aurata da masu sana'a.

4.0 Matsalar Ƙagaggen Labari

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙagaggen labari, domin ba ya tafiya sai da mai laifi. A 1940 Graham Greene, Baturen Ingila ɗan Katolika, ya fitar da The Power and the Glory. Tauraronsa fada ne mashayi, mai 'ya ba aure, a wata jihar Meziko da gwamnati ta haramta ibada. Bayan ya tsira ya ƙetare iyaka, sai ya komo don ya ji iƙirarin zunubin wani mai baƙin rai da ke gaɓar mutuwa, alhali ya san tarko ne. Aka kama shi, aka harbe. A 1953 hukumar kula da aƙida ta Roma ta yi tir da littafin, tana ganin ya zubar da mutuncin limamai. Amma da Greene ya gana da Bulus na Shida a 1965, sai ya tarar Paparoman ya karanta shi, har ya ba shi shawarar kada ya damu da masu jin haushi.

Jayayyar ta ta'allaƙa ne kan abu guda: shin nuna zunubi yabonsa ne? Mai tacewa ya ƙirga laifuffukan fadan, mai karatu na hawa huɗu kuwa ya ga jigon labarin, wato alherin Allah na iya aiki ta hannun bawa mai rauni. Irin wannan tambaya ce Shusaku Endo na Jafan ya tayar a littafinsa Shiru, 1966, inda aka tilasta wa wani fada ɗan Fotugal taka hoton Almasihu don ya ceci talakawan da ake azabtarwa. A 2024 Paparoma Francis, wanda ya taɓa koyar da adabi a wata sakandare a Ajantina, ya rubuta wasiƙa yana kira da a sa ƙagaggun labarai da waƙoƙi cikin horon masu shirin zama fada, domin su koyi sauraron muryar wani.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa jerin hani ya yi shekara 407 ya kau, littattafan jagora kuwa har yau ana karanta su. Darasin bai tsaya ga Katolika ba. Ɗaliban Hausa sun san taƙaddamar da littattafan soyayya na Kano suka haifar, Jihar Kano kuma ta kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a 2001. Tarihin Index ya nuna cewa hukunta labari da ƙirga laifuffukan taurarinsa, ba tare da duba inda jigo ya dosa ba, na iya jefar da tsaba tare da ƙaiƙayi. Aikin malamin adabi ke nan ya koya wa ɗalibi rarrabe su.